Ruwan Sabulu a Birkin Tirelar Goro

Duk wanda ya zauna Zongon Wagadugu wajen 2002 ya san Salifu mai birki. Ni dai ƙafafunsa na fi sani, don kullum sauran jikin yana ƙarƙashin mota.

Shekara goma sha tara yana kula da tsohuwar tirelar Alhaji Na'Allah, irin mai aiki da man birki, wadda ke ɗauko goro daga Gana. To kun san goro, sai ana yayyafa masa ruwa a hanya, ruwan kuma ya tsiyaya kan tiyon birki na ƙarfe. Shi ya sa duk dawowa Salifu zai kankare tsatsa, ya shafa fenti, ya bi da giris. Da wannan suna yake ci da iyalinsa: birkin Salifu bai taɓa tsinkewa ba.

Direban kuwa ƙanen Salifu ne, Yahuza. Wata tafiya man birki ya yoye a daji, Yahuza ya ɗaure wurin, ya yi dabarar direbobi, ya dama sabulu da ruwa ya ɗura a madadin man. Ya iso lafiya. Maimakon ya faɗa a wanke tiyon, tsoron faɗa ya sa ya ƙara mai a kai ya yi gum.

Da Salifu ya zo duba motar ya ce, "Birki fa?"

"Kamar sabo, Yaya. Ka cika bincike, sai ka ce ɗan duwan mai duba kaya a kan iyaka."

"Tafi can, sarkin gudu."

Bayan wata takwas tiyo ya fashe a wata gangara. Goro ya watse a titi, aka yanke wa Yahuza ƙafar dama.

Da aka jawo tirelar Salifu ya tsaga tiyon. Waje sumul da fenti, ciki jawur da tsatsa. Nan take ya gane ruwa aka zuba. Ga Alhaji tsaye cikin jama'a, ya riga ya yi alkawarin riƙe 'ya'yan Yahuza biyar, don a ganinsa direba ba shi da laifi.

"Malam Salifu, aikin wa ne wannan?"

Salifu ya dunƙule tiyon a hannu. "Nawa ne, Alhaji. Ido ya tsufa."

Kafin la'asar Zongo kaf ta ji. Tun daga ranar ko amalanke ba a ƙara kawo masa ba. Ya koma facin tayar babur a bakin kasuwar Sankaryare, wata rana ya samu biyu, wata rana babu. Yahuza kan biyo da sandarsa, su gaisa, su tambayi yara. Ba a taɓa jin ɗayansu ya ta da maganar ba.