Tafiyar Agwagwa a Setapak

Surukata ta zo Kuala Lumpur da niyyar wata uku: ta ga haihuwar 'yarta ta fari, ta yi mata wankan jego, ta koma gida. Sati ɗaya da saukarta aka rufe ƙasa saboda korona. Jirage suka tsaya, jami'a ta kulle, ni kuma ɗalibin da ya saba yini a ɗakin karatu na dawo na tare a falo kamar kujera.

Gidanmu a Setapak ɗaki biyu ne da falo, a hawa na tara. Duniya tana ta faman koyon ba da tazara, mu kuwa gadonta muka yi. Tun da aka ɗaura mini aure ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba, "Malam" take cewa, shi ma tana kallon bango. In zan wuce banɗaki sai na yi gyaran murya ta ja ƙofarta. Wallahi da gwamnatin Malesiya ta san da mu, da ta ba mu lambar yabo.

Ana haka jiri ya fara kama Hajiya. Matata, wadda satinta uku ke nan da haihuwa ta hanyar tiyata, ta ce ta ga Hajiya ta miƙe daga sallar azahar ta dafe bango, kuma ba shi ne na farko ba. Shekarunta sun haura sittin, in ta faɗi ta karye sai kwanciya a asibiti, kuma a lokacin ba a barin kowa ya zauna jinya. Mace ba Turanci, ba Malay, ita kaɗai a hannun mutanen da idonsu kawai take gani. Na ce gobe sai likita.

Akwai ƙaramin asibiti a ƙarshen layin shagunan da ke ƙasanmu, nisansa bai kai na kiran mota ba. Matsalar ita ce hanyar. Barandar shagunan nan da suke kira kaki lima, kowane mai shago shi ke shimfiɗa tayil ɗinsa, kuma sai ka rantse gasar sheƙi suke yi. Na wannan ya ɗara na wancan tudu, na gaba ya gangara. Ga ruwan sama kullum da la'asar, ga shaguna a rufe babu mai shara, gansakuka ta samu wurin zama. Ni mai lafiya ma na taɓa zama daɓas a wurin, da ledar tumatir a hannu.

Na yi kuskuren faɗin haka a zauren WhatsApp na dangi. Ai kuwa ƙanin matata, da ke karatu a wata ƙasa mai ƙanƙara, ya ga ranarsa ta zo. Ya turo saƙon murya mai tsawon huɗubar Juma'a. A ware ƙafafu, a yi gajeren taku, a ɗan ranƙwafa gaba, kada a ɗaga ƙafa sosai, a bar hannu a waje. Har bidiyo ya haɗo, yana tangaɗi cikin wata jibgegiyar riga. Yaron da ko tsintsiya bai iya riƙewa a gida ba, yau shi ne shehin tafiya.

Hajiya ta kalla daga ɗaki, na jiyo ta tana cewa 'yarta, "Ni zan yi tafiyar agwagwa a gaban mijinki? Allah ya kiyaye."

Matata ta leƙo falo ta ce, "To kai ka riƙe mata hannu mana."

Ni da Hajiya muka yi salati a tare, ita daga ciki, ni daga waje. Na san a addini muharramata ce, na karanta, har na taɓa yi wa wasu bayani da ƙarfin murya. Amma karatun bai sauko hannuna ba.

Sai na ɓullo da dabara irin ta mai neman digiri na uku. Na ɗauko laimarmu mai naɗewa, na ce ni zan riƙe kai, ita ta riƙe mariƙin, in yi gaba tana biye. Babu taɓa juna, babu faɗuwa. Matata ta dube ni ta ce, "Allah ya ƙara ilimi." Na amsa da amin, don a lokacin na ɗauka yabo ne.

Washegari da hantsi muka sauka, kowa da takunkumi. An yi yayyafi da asuba, tayil sai ƙyalli yake. Hajiya ta saka takalminta na zuwa biki, mai sulɓin ƙasa, ta naɗe hannu ɗaya cikin mayafi, ta miƙe tsaye ƙyam. Duk abin da ɗanta ya ce a yi, ta yi kishiyarsa. Ni kuma ina gaba, ban isa in waiwaya ba, sai dai in riƙa sanarwa ga iska: "Akwai tudu. Akwai gangara." Wani tsoho Basine ya daina ɗaga ƙofar shagonsa ya tsaya yana kallonmu.

A gaban shagon mamak, inda ake sayar da shayi da gurasar da suke kira roti, sun gama wanke baranda da ruwan sabulu. Na ji laimar ta yi nauyi, sannan ta zuge ta ƙara tsawo, don aikinta ke nan, ni ne na manta. Na juya na ga Hajiya ta zame tana tafiya baya, idonta a sama.

Ban san lokacin da na yar da laimar ba. Na dai ga damtsenta a hannuna, ɗaya hannun nawa a bayanta. Abin da ya firgita ni ba faɗuwar ba ce, rashin nauyinta ne. Ƙashi na riƙe a cikin atamfa.

Ta daidaita tsayuwa, ta zare hannunta, ta dubi wani allon talla ta ce, "Sannu, Malam." Kai ka ce ni na zame. Ragowar hanyar kuwa, ba wanda ya roƙe ta, ta ware ƙafa ta yi tafiyar agwagwar nan tsaf har bakin asibiti.

Likitar mace ce, ta auna jini, ta auna sukari, ta ɗora ta a sikeli, ta ɗaure fuska. Ni ne tafinta, ina zaune a kujerar gefe ina kallon takalmina.

"Tambaye ta, sau nawa take cin abinci a rana?"

Na tambaya. Hajiya ta ce, "Ka ce mata ina ci, alhamdu lillahi."

Likitar ba ta yarda ba. Ta ce a tambaye ta yaushe, da ƙarfe nawa. Na tambayi Hajiya. Can ta ce a hankali, "Ka ce mata ina ci sosai idan maigidan ya fita."

Maigidan kuwa sau ɗaya yake fita a sati, cefanen awa guda. Teburin cin abincinmu yana falo, kicin ɗin a buɗe yake ta falon, ni kuma ina nan zaune da kwamfuta daga safe har dare. Abin da 'yarta ke kai mata ɗaki ma, ashe tsakura take ta rufe, kada in jiyo motsin kwano ta bangon nan mai kamar kwali. Wata biyu da rabi ina alfahari da tarbiyyata, tsohuwa tana ramewa a bayan ƙofa.

Likitar tana jira. Dole da bakina na juya maganar zuwa Turanci, kalma bayan kalma. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wane ne maigidan?"

Na ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

Da muka dawo na tsaya a shagon mamak ɗin na sa aka ƙunsa mana shinkafa da kaza. Na miƙa wa matata ledar a bakin ƙofa, na ce ina da aiki a waje. Babu inda doka ta yarda in je, sai na zauna a matakalar bene, hawa na tara, da takunkumina. Na daɗe a wurin kafin na jiyo ƙarar cokali a kan faranti, sannan na sunkuyar da kai na yi kukana.