Mai Layi Huɗu a Bakin Gada

Tun da aka ce ruwa ya karya gada da motar da Yayana ke ciki, nake tsaye a bakin gadar. Daga wurin neman aiki na taho, takardun digirina na hammata sun jiƙe da gumi. Wayata ko kira ba ta fitarwa, jama'a sun yi wa layin yawa.

A gefena wani siririn dattijo ya ɗaga waya a kan sanda, yana nuna aikin masu ceto kai tsaye. A ƙirjinsa yana rataye da ɗan akwatin intanet mai layi huɗu, kowanne na kamfani daban, an haɗa ƙarfinsu wuri ɗaya. Idonsa na kan fitilun akwatin, uku kore, ɗaya ja.

"Baba, ashe kai ka shanye mana sabis," in ji wani direba.

"In ɗaya ya ɗauke, ukun su riƙe," ya ce, bai ko juyo ba. "Akwai iyaye a gida suna kallo."

Rana na gasa akwatin, sai ya cire hularsa ya yi masa inuwa, ya bar sanƙonsa a fili. Ina zaton shi ma ya taɓa zaman jiran labari, hoto ya tsaya masa cak.

Saƙon ƙarshe da ya shigo min daga ƙanwata ne, wai hoton da dattijon nan ke nunawa Mama ke kallo. Na matsa gaban sandar don ta ga ina nan.

An fito da mutum tara. Ba a fito da Yaya ba tukuna.