Kiredin Yaya Lawal

Shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana Lawal, amma makon jiya jikata ta sa na ji kamar yau aka fitar da shi. Ta dawo daga Katsina da littattafai biyu, ɗaya kan bashin da ƙasa ke ciyowa, ɗaya kan yadda mutum zai gina kansa ya zama wani. Na ce ta ajiye su inda ba zan riƙa ganinsu ba. Ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ta san tsohuwar gaba ce tsakanina da irin waɗannan littattafai ba.

Yaya Lawal malamin firamare ne a Gangara, kusa da Jibiya, lokacin da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasar nan. Wanda bai ga bodar Jibiya a shekarun nan ba, ko an ba shi labari ba zai yarda ba. Siminti da fetur na fita, wake da shanu na shigowa, ɗan dakon da jiya ke neman na koko yau ya rataya rediyo. A cikin wannan ruɗani Yaya ya je kwas Kaduna, ya dawo da wani littafin Turanci mai jan bango. Daga ranar muka shiga uku. Littafi ya ce a riƙa murmushi, Yaya ya kama yi wa madubi murmushi. Littafi ya ce a yi tafiya irin ta masu abin hannu, Yaya ya fara taka ƙasa kamar shi ya saye ta. Inna takan ce tunda bai hana shi salla ba, a ƙyale shi.

Kalma ɗaya ce ta fi kama shi. 'Yan kasuwar Maraɗi da ke tsallakowa wajenmu kiredi suke ce wa bashi. Shi kuma ya gano a littafinsa cewa a bakin Bature kalmar tana kuma nufin yarda da mutunci. "Ke Binta," in ji shi, "ba a ba ɗan iska kiredi. Wanda anka yarda da shi aka ba." Na ce masa mu a nan cin bashi ake yi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci ya ƙoshi ba. Ya yi dariya, ya ce shi ya sa ba zan taɓa yin mota ba.

Ya ajiye alli, ya tafi wajen Alhaji Isuhu, wani attajirin Maraɗi da ya daɗe da zama a Jibiya. Ya yi ta karanta masa littafin nan yana fassarawa, Alhaji na dariya, har dai ya saya masa babbar mota bashi, ba takarda, sai musabaha. Da farko abin ya yi kyau. Sai injin ya buga, kayan gyaran da aka yi oda suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, mota ta hau kan duwatsu a bakin tasha, kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Abin da ba na mantawa shi ne, duk ranar kasuwa Yaya sai ya wanke rigarsa ya je ya gaida Alhaji hannu rabbana. Bai taɓa sauya hanya ba, bai taɓa sa a ce ba ya nan ba.

Da ciwon shawara ya kwantar da shi, murmushin madubi ya ƙare. Ya kama hannuna ya ce, "Ba mutuwar nika tsoro ba, tambayar liman nika tsoro." Na san abin da yake nufi. Kafin a sallaci gawa sai an tambaya ko ana bin mamaci bashi, da wanda zai ɗauke masa, domin mun yi imani mai bashi ba ya samun hutu sai an sauke nauyin. Mu kuwa ko an sayar da gidan da gonarmu ta Farfaru ba za su biya ba.

Ran jana'iza ina maƙale a bayan zaure, kunnena jikin bango. Liman ya yi tambayar. Aka yi tsit. Na ji tarin kawunnanmu, na ji ƙarar wata mota tana wucewa boda, amma ban ji wanda ya ce ya ɗauka ba. Wallahi wannan shirun ya fi mini mutuwar ciwo. Can sai muryar Alhaji Isuhu: "Malam, ni ban ba yaron ga bashi ba. Kiredi nib ba shi. Shi yac ce mini kiredi mutunci na, kuma ya maido mini abina duk ran kasuwa. Ku sallace shi."

Yau ina ganin yadda ake cin bashi ta waya, wanda ya ba ka bai san fuskarka ba, ka makara ya aika wa surukanka saƙon tonon asiri. Da Yaya na nan, na san zai fara karɓe littattafan jikata ya karance su tas, ya zo ya dame ni da bayani. Amma ina jin zai tambaya, in mutum ya kasa biya, ina zai je ya yi gaisuwa?

Motar an sayar da ita a ƙarfe. Littafin gara ta cinye shi, ban kuma yi baƙin ciki ba. 'Ya'yan Yaya har yau suna zuwa Maraɗi gaida iyalan Alhaji da suka koma can, ba wanda ya sa su. Ni dai ban yafe wa littafin nan ba, shi ya raba yayana da allinsa da barcinsa. Amma shi Yaya, Allah ya jiƙansa, an yafe masa tun kafin a ɗaga makara.