Inuwar Albarka a Bangon Ɗakin Shan Magani

Bawa magini mutumin Dalijan ne, amma a Kalgo ya yi suna, kuma a can sunan ya lalace. Wajen yi wa bango ado ba a kama ƙafarsa: takobi, dagi, ƙadangare, duk abin da mai gida ya ce. Mutum ne dai bai taɓa zanawa ba sai a 1955, da aka gama ginin ɗakin shan magani.

Malam Lawal, malamin asibitin, shi ya kawo maganar. Mutane na zuwa da ciwo, kunya ta hana su faɗin inda yake. A ce "ciki ne", alhali ko kusa. Ya ce a zana masa mutum sukutum a bangon baranda, mara lafiya ya nuna wurin da kara, kowa ya huta.

Bawa ya gwada sau uku, abin yana fitowa kamar kwaɗo a tsaye. Sai ya kira ƙanensa Albarka, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsayar da shi da hantsi, ya bi inuwarsa a bango da gawayi. Ya cike da jar ƙasa, ya fitar da haƙarƙari da cibiya da gwiwa. Kafaɗar Albarka ɗaya a sauke take, inuwar kuwa ba ta rufa masa asiri ba. Har masu lafiya suka riƙa zuwa kallo, ana dariya ana cewa ga Albarka ya samu aikin asibiti.

Bayan wata guda zazzaɓi ya kayar da Albarka, ya rame har ba ya iya ɗaga kai. Matarsa Zulai ce ta fara faɗa wa Bawa, a gaban jama'a.

"Kai kak kama kurwatai ka liƙe ga bango! Kullum ana sukatai da kara, ƙaƙa za shi tashi? Maye!"

Abin da ake yi wa wanda aka zarga da maita sananne ne: ya tuɓe, ya tsallake mara lafiya sau uku don ya sake shi. Malam Lawal ya ja Bawa gefe.

"Kak ka yi. Allura nika yi mai, za shi tashi. In kat tsallaka yaw warke, sun gama da kai."

"In ban tsallaka ba yam mutu hwa?" in ji Bawa.

Ya tuɓe, daga shi sai bante, dattijo da furfura a gemu, ya tsallake ɗan'uwansa sau uku yana kuka. Daga nan ya je ya kankare zanen da hannunsa.

Bayan kwana shida Albarka ya nemi fura. Abin takaici, ko mutum ɗaya bai tuna da allura ba.

Tun daga ranar ba wanda ya sake ba Bawa bango. Ya ƙaura zuwa Gwandu, ya tarar labarin ya riga shi isa. Ya zauna yana buga tubali a bakin kududdufi, mata na janye goyonsu in ya gifta. Bai yi gardama da kowa ba. Yakan ce wa ransa Albarka dai ya san gaskiya.

Da aka yi wa Albarka haihuwa, Bawa ya ji a bakin fatake. Ya sayi turmin zane, ya tako har Kalgo ranar suna. Albarka ya hango shi, ya fito da sauri ya tare shi nesa da zaure, ya karɓi zanen ba tare da hannunsu ya haɗu ba.

"An gode, Yaya. Amma tsaya nan. Jinjirin bai yi ƙwari ba tukuna."