Darasin da Aka Fi Ganewa Bayan Muryata Ta Ɗauke

Cikin shekara ashirin da ɗaya da na yi ina riƙe da alli, akwai wata Laraba da na kasa mantawa da ita, ba kuma don na yi abin a yaba ba ne. Tunda ku sababbin malamai kun matsa sai kun ji, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri a ɗakin malamai.

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Ƙanƙara. A lokacin ni ne shugaban sashen lissafi. Ga wanda bai san aikin ba, ma'anarsa ni ke duba tsarin darasin sauran malamai in sa hannu, nawa kuwa ba mai dubawa. A shekarun da hanya ta yi tsanani, malamai da yawa da aka tura ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun nemi canjin wurin aiki, ba kuma wanda zai ga laifinsu. Sai ya zama akwai ƙananan sakandare biyu, ɗaya a ƙasar Faskari, ɗaya a ƙasar Sabuwa, da suka shekara ba su da malamin lissafi ko guda.

Wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta kawo dabara. Aka ba makarantarmu da waɗancan biyun kwamfuta, da majigi, da sola, da kwamfutocin hannu goma-goma. Ni zan tsaya a ajina na Ƙanƙara in koyar da 'yan aji ɗaya, 'yan Faskari da na Sabuwa su kalle ni a bangon ajinsu ta intanet. Gwaji ne na zango guda. A ƙarshensa sufeto zai zo daga ofishin shiyya ya duba, rahotonsa ne zai yanke ko a ci gaba, ko a kwashe kayan a kai wani wuri. In aka kwashe, yaran can sun koma zaman da suke yi da.

Aka tura ni horo na kwana uku a Katsina. Na dawo da takardar shaida da wani kati mai igiya da ake ratayawa a wuya. Mako guda na yi ina zuwa makaranta da katin nan, har maiɗakina ta tambaye ni ko cewa aka yi kada a cire.

A kowace makarantar can an sa malami guda ya zauna da yara. A Faskari Malam Haladu ne, malamin aikin gona. A Sabuwa kuwa Malama Rabi ce, mai koyar da addini. A takardar da na cika, wurin da aka tambayi aikinsu, na rubuta “mai kunna na'ura”. Duk Litinin nakan tura masu tsarin darasin mako ta waya, don dai ƙa'ida ta ce a tura.

Shafin intanet da muke amfani da shi yana da wani ɓangare na tambayoyi. Malami zai saka tambaya da amsoshi huɗu, kowace da launinta. Yara sun kasu rukuni goma a kowane aji, kowane rukuni da kwamfutar hannu guda. Su yi shawara, su danna amsa. Nan take sai sanduna uku su tashi a bango, kowace makaranta da tata, tsawon sanda gwargwadon waɗanda suka ci. An koya mana wannan a Katsina. Ni dai mako takwas ban taɓa shi ba. A ganina wasan yara ne mai cin lokaci, ga manhaja tana jirana. Magana nake yi minti arba'in cur, in rufe.

Layin Sabuwa kuma ya addabe ni. Na'urar da ke kamo masu intanet a kan gora suka ɗaure ta, suka ɗaga sama da kwanon aji. Duk da haka da wuya a yi minti goma hotona bai daskare ba. Kowane mako sai na kai ƙorafi wurin shugaban makarantarmu, Alhaji Sada, cewa yaran Sabuwa ana cutarsu, ba su samun darasina yadda ya kamata.

Ranar Talata aka aiko da takardar da sufeto zai cika, na ga akwai layin da ke tambayar ko malami na amfani da tambayoyin shafin. Bayan la'asar na zauna na haɗa guda biyar. Na ƙara ta shida, wadda yara za su rubuta abin da suke so ba tare da suna ba: “Me kuke so malam ya gyara?” Gaskiya na saka ta ne don ina jin yabo zai fito, ya fito kuma a gaban baƙo.

Sufeton da aka turo washegari Laraba mace ce, Hajiya Binta, wadda ta yi shugabancin makaranta shekaru kafin a mai da ita ofis. Ba ta da yawan magana. Kafin mu shiga aji na ja ta gefe.

Na ce, “Ranki ya daɗe, in kin zo rubuta rahoto kada ki yi la'akari da Sabuwa. Yaran nan ko rabin abin da nake faɗa ba su ji. Ba laifinsu ba ne.”

Ta ce, “To, Malam Lawal, mu gani.”

Darasin ranar tara ɓangarori ne, irin su rabi a haɗa da ɗaya bisa uku. Na sa babbar riga. Na zuba Turanci irin wanda ni kaina na daɗe ban ji daga bakina ba, na cika allo daga wannan gefe zuwa wancan. Minti shida da farawa layin Sabuwa ya yanke. Ya dawo, ya sake yankewa, wannan karon ya daɗe. Na waiwaya na kalli Hajiya, irin kallon nan na kin gani ko.

Da na gama, layin ya ɗan farfaɗo. Hoto bai zo ba, amma tambaya ba ta da nauyi, ko layi ya yi rauni tana wucewa. Na saki ta farko: rabi a tara da ɗaya bisa uku.

Sandar Ƙanƙara ta tashi, ta tsaya a guntuwa. Rukuni uku kawai suka ci. Sauran bakwai, yaran da ke zaune a gabana, suna jin har numfashina, sun zaɓi biyu bisa biyar. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Faskari rukuni biyu. Sai sandar Sabuwa ta fara hawa. Ta wuce ta Faskari, ta wuce tamu, ba ta tsaya ba sai a tara.

Na yi dariya, na ce, “Ranki ya daɗe, na'ura ce ta musanya sunayen makarantun.”

Hajiya ta ce, “Saki ta biyu.”

Na saki ta biyu. Na saki ta uku. Sandar Sabuwa ko gezau.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na matsa kusa da makirufo, a gaban yaran makarantu uku, na ce, “Malama Rabi, ba dai ke ce ke danna masu ba?”

Hajiya ta ajiye bironta, ta ce tunda layi ba shi da ƙarfi, in kira Malama Rabi a waya in buɗe murya kowa ya ji. Na kira.

Malama Rabi ta yi sallama, ta gaida Hajiya, sannan ta ce, “Malam, wallahi hannuna bai taɓa na'urarsu ba. Ni ban iya lissafin boko ba. Amma in muryarka ta ɗauke, yara sai su fara surutu, ni kuma ban son su zauna haka nan. Shi ne nake duba takardar da kake turowa, in ga abin da na sani a ciki.”

Hajiya ta ce, “Yau mi kika gani a ciki?”

“Ranki ya daɗe, na ga rabon gado ne. Rabi da sulusi. Sai na ce masu mace ce ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da uwa da ƙani guda, ta bar awaki shida. Miji na da rabi, awaki nawa? Suka ce uku. Uwa na da sulusi, nawa? Suka ce biyu. Na ce to nawa suka fita cikin shidan? Suka ce biyar. Na ce shi ke nan, biyar bisa shida, ɗayar da ta rage ta ƙanin ce. Daga nan su da kansu suka riƙa neman adadin awakin da zai rabu ba a yanka ko ɗaya ba.”

Neman adadin da zai rabu ɗin nan shi ne abin da na yi minti ashirin ina kiransa da dogon sunansa na Turanci. Kamar da gayya, a daidai lokacin hoton Sabuwa ya dawo tar a bango. Ga allonsu, ga awaki shida an zana da alli, wasu sun fi kama da kujera. Yara sun cika benci, suna ɗaga mana hannu.

Da na san abin da ya fi mani, da na rufe kwamfutar a nan. Amma garin in kashe, sai na danna tambaya ta shida. Rubutu ya fara faɗowa a bango ɗaya bayan ɗaya. “Malam ya rage sauri.” “Malam ya riƙa faɗi da Hausa.” Daga Faskari aka rubuto, “Muna so mu ga fuskar malam.” Ashe yadda na kafa kyamarar, mako takwas ƙeyata da bayan hulata kawai suke gani. Malam Haladu ya sani, amma ya ji nauyin gaya wa shugaban sashe.

Bayan an tashi muka zauna a ofishin Alhaji Sada. Ya kalli rufi, ya kalli tebur, ya ƙi kallona, don na san in ya kalle ni dariya za ta kuɓuce mashi. Hajiya ta buɗe takardarta.

Ta ce, “Malam Lawal, ka ce kada in yi la'akari da Sabuwa. Har yanzu kana nan a kan haka?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, in da hali, Ƙanƙara za a cire.”

Ta ɗan murmusa. Ta ce ita abin da ta zo dubawa ta gani: kayan suna aiki, tunda cikin minti biyar sun nuna abin da ba wanda ya sani. Za ta rubuta a ci gaba, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, duk minti goma in tsaya in saki tambaya, kada in wuce sai sandunan sun tashi. Na biyu, tsarin darasi ba zai sake fita da sa hannuna ni kaɗai ba. Duk Litinin mu uku za mu haɗu ta waya mu tsara, da Malama Rabi da Malam Haladu. Ta kuma miƙo mani tsohuwar takardata, ta nuna inda na rubuta aikinsu, ta ce in gyara da hannuna.

Da yamma na kira Malama Rabi na ba ta haƙuri. Washegari na maimaita a gaban yaran makarantun uku, tunda a gabansu na yi zargin. Ta ce ba komai, ya wuce. Na tambaye ta me ya sa duk makonnin nan ba ta taɓa gaya mani abin da take yi ba.

Ta ce, “Malam, duk kiran da ka yi mani, tambayarka ɗaya ce: layi ya dawo?”

Kayan suna nan har yanzu, yaran can suna samun lissafi. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, na'urar ba ta koyar da kowa komai ba, tambaya kawai ta yi, ta kuma kawo amsar kowa ba ta ji nauyin babbar rigata ba. Yara da abokan aiki suna jin nauyinmu, shi ya sa mutum zai shekara ashirin yana magana shi kaɗai yana zaton koyarwa yake yi. In an ba ku irin kayan nan, ku fara da ɓangaren da zai iya ba ku kunya. Wanda kuma aka zaunar maku a can ƙarshen layi, ku tambaye shi abin da ya sani tun ranar farko.