Wakilin Ango a Gidan da Ba Namu Ba

Na kwashe shekaru ina koya wa yara taswira a kan allo, ina zana kogin Kwara da alli kamar na taɓa ganinsa. Don haka ranar da na sayi waya mai nuna hanya, na ga ɗigo shuɗi yana cewa ga ni nan a Ƙofar Durbi, sai da na fita waje. Na taka zuwa bakin titi, ɗigon ya biyo ni. Na dawo, ya dawo. Mai ɗakina ta leƙo ta ce in cefane zan yi in yi, in kuma motsa jiki ne in bari rana ta yi sanyi.

A makon nan aka sa ɗaurin auren ɗan yayana, ni ne wakilin ango. Gidan amarya yana can sabuwar unguwa bayan Ƙofar Kaura, inda gidaje suka riga tituna zuwa. Uban amarya mutum ne mai tsare lokaci. Ya aiko cewa liman yana da wasu auren a gaba, in muka makara sai wata Asabar. Ango ya kira ni.

"Baffa, in zo in ɗauke ka?"

"Ka riƙe zuwanka. Ka ce wa wan amarya ya turo mini wurin ta waya."

Da safe saƙon ya shigo, jan ɗigo a kan taswira. Na shiga motar aminina, wani Alhaji mai shagon yadi, na ɗora wayar a gwiwa. Muryar mace daga cikin wayar ta ce mu yi dama, da Turanci.

"Mi ta ce, Malam?"

"Dama."

"Ikon Allah. Ta san da ramin nan kuwa?"

Ba ta sani ba. Muka faɗa, muka fito muna dariya, manya da mu. Duk kwanar da muka sha sai Alhaji ya ce mata sannu da aiki. Muka wuce masu shayi da masu faci, mutanen da a da sai mun tsaya mun gaisa da su kafin mu tambayi hanya, ko kallonsu ba mu yi ba.

Ta ce mun iso, muka kuwa ishe rumfa ta tare titi, tabarmi a shimfiɗe, manyan riguna ko'ina. Aka tarbe mu hannu biyu. A garinmu ba a tambayar mai furfura da babbar riga wa ya gayyace shi. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, aka kai mu sahun gaba kusa da liman. Ban ga fuskar da na sani ba, sai na ce a raina dangin amarya suna da yawa, namu kuma sun makara don ba su da irin wayata. Na kashe mata murya saboda ladabi.

Liman ya gyara zama ya ce, "Ina wakilin ango?"

Na matsa gaba. Wani dattijo a gefena shi ma ya matsa. Muka dubi juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ji kunya.

"Bismilla, Malam," in ji shi.

"A'a, Alhaji, ai ni ne."

"To, ni dai ɗana ne tun yana zanen goyo."

Liman ya nemi sunan angona, na faɗa. Ya nemi na amarya, na faɗa. Can wani daga baya ya tuntsire da dariya, sai rumfar gaba ɗaya ta ɗauka. Waliyyin amaryarsu ya ce ɗiya guda gare shi a yau, amma in ina da haƙuri akwai ƙanwarta a aji uku.

Na duba waya, kiran ango da saƙonninsa sun cika ta. Ashe wan amarya ya biyo nan da sassafe ya yi wa abokinsa murna, daga inda yake tsaye ya danna ya turo. Wayar ta kawo mu daidai inda aka ce mata.

Tashi ana tsakiyar ɗaurin aure rashin kunya ne, dole muka zauna muka shafa fatihar auren mutane. Ana gamawa aka ce ai gidan da muke nema layi kaɗan ne a gaba, kuma rabin rumfar can za su, har da liman, don shi ne zai ɗaura.

Haka muka isa, ni a gaba kusa da liman, jama'a a bayana har ƙarshen layi. Uban amarya yana tsaye bakin ƙofa yana duba agogo. Ya ɗaga kai ya ga taron, ya saki hannun rigarsa a kan agogon.

"Malam, duk naku ne?"

Aminina Alhaji ya riga ni. "Waɗanda suka samu fitowa ke nan."

Aka ƙaro tabarmi daga maƙwabta. Da liman ya sake neman wakilin ango, sai da na waiga dama da hagu kafin in matsa.