Ranar da Kaka ta tashi kwance zane

Shekarar da na fara koyon aikin jinya a Kafanchan na sayi wandona na farko, baƙi, a wajen masu gwanjo. Duk ƙarshen mako babur nake hawa zuwa ƙauyenmu da ke bayan Manchok, na kuma gaji da tattare bakin siket a hanya.

Wata Asabar ɗan acaɓa ya sauke ni daidai ƙofar majami'a, 'yan zumuntar mata suna fitowa daga koyon waƙa. Suka bi wandon da ke jikina da kallo. Kafin in gama cin tuwon acca, sai ga wani dattijon ikilisiya ya yi sallama a gidanmu.

Baba ya ba shi kujera a gindin mangwaro. Kaka, mahaifiyar Baba, tana gefe a kan tabarma tana tsaga citta. Mace ce marar magana, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Dattijon ya ce, "Ba da faɗa na zo ba. Amma 'yarka ta shigo gari da kayan maza. Tun kakanninmu, zane macen ƙasar nan take ɗaurawa."

Baba ya sunkuyar da kai ya fara ba da haƙuri. Ni kuwa ina laɓe a bayan rumbu.

Sai Kaka ta ajiye wuƙa.

"Waɗanne kakanni?" ta tambaye shi. "Ni da ganye a ƙugu aka kai ni gidan miji. Uwarka ma haka. Kai kuma da fatar akuya na san ka. Ranar da malamin mishan ya ba ka gajeren wando, ubanka hana ka shiga gida ya yi, ya ce ka zama baƙo."

Dattijon ya ce, "Mama, wancan ai zamanin duhu ne."

"Kai ka ce al'ada. Tsaya in nuna maka ita."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta tsinko ganyen mangwaro, ta kai hannu ga bakin zanenta ta fara kwancewa.

Mahaifiyata ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta yi ihu, "Yesu!" A wajenmu tsohuwa ta tuɓe a gaban namiji ba abin wasa ba ne, la'ana ce. Dattijon ya rufe fuska da hularsa, ya yi tuntuɓe da kujera, ya fice da sauri. Mahaifiyata ta rungume Kaka ta baya tana kuka tana roƙonta, har ta saki ganyen.

Tun tasowata nake ganin Kaka da zane da ɗankwali, a zatona haka aka haife ta. Ba wanda ya taɓa gaya mana zancen ganye, ba a gida ba, ba a makaranta ba.

Da gidan ya yi tsit, na je na zauna kusa da ita.

"Kaka, da gaske ne?"

"Da gaske. Kullum da safe mu tsinko sabo. Da aka fara ba ni zane, ni ma kunya na ji. Ƙawayena suka yi ta dariya."

Dattijon bai sake tayar da maganar ba, amma ya daina bi ta ƙofar gidanmu. Baba ya yi kwanaki bai haɗa ido da mahaifiyarsa ba.

Ranar da zan koma makaranta, Kaka ta kira ni, ta ja yadin wandon a cinyata.

"Wannan ya matse ki," ta ce. "Ki nemi mai faɗi."